Me Ake Nazarta a Adabin Yara da Fina-finan Katun?

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce kin gama digirin farko a adabi, ranki yana son ki yi na biyu a kan littattafan yara da fina-finan katun, amma duk wanda kika faɗa wa sai ya ce wannan ai wasan yara ne, har ke ma shakka ta fara shigarki. Kina so ki san ko fanni ne na gaske, me ake nazarta a cikinsa, kuma ta ina ake kama shi.

Fanni ne, kuma ya zauna da gindinsa. Tun 1970 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu binciken adabin yara a birnin Frankfurt na Jamus. A 1972 Francelia Butler ta Jami'ar Connecticut a Amurka ta fara fitar da mujallar ilimi ta musamman a kan adabin yara, masu nazarin zane mai motsi kuma suka kafa tasu ƙungiyar a 1987. Ana ba da digiri na biyu da na uku a kansa a jami'o'i da dama. Wannan ya ishe ki amsa ga mai ƙorafi. Abin da ya fi damuna shi ne ke kanki ki gane abin da za ki shiga, domin ɗalibai da yawa suna shigowa da ƙaunar yara a zuci, abin yabo ne, amma sai su tarar aikin ya sha bamban da abin da suka zata.

Ki fara lura da wannan. Littafin yaro babba ne ya rubuta shi. Babba ne ya zana hotunan, babba ya buga, babba ya saya, babba ya sa shi a manhajar makaranta ko ya hana shi shiga, babba ya ba shi lambar yabo. Yaron da aka ce don shi aka yi, sai a ƙarshe abin yake isa hannunsa, bayan an gama yanke duk wani hukunci. Saboda haka duk littafin yara da kika buɗe, kafin ki ga yaro za ki ga abin da manyan wannan zamanin suka ɗauka yaro yake, da abin da suke so ya zama, da abin da suke tsoron ya sani. A kan wannan Jacqueline Rose ta gina littafinta na 1984 game da labarin Peter Pan, inda ta kai ga cewa yaron da ke cikin adabin yara manya ne suka ƙirƙiro shi don biyan bukatar kansu. An yi ta jayayya da ita, ni ma ina ganin ta wuce gona da iri wajen shafe yaro mai karatu kamar ba shi da tacewa, amma tun daga lokacin babu matarkin kirki da zai yi magana a kan "abin da yara ke so" ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa wa ya gaya masa ba. Perry Nodelman ya faɗaɗa batun a 2008, ya nuna yadda muryar babba take fakewa a bayan rubutun da ake gani mai sauƙi.

Tarihi ya tabbatar da haka. A 1693 masanin falsafa John Locke ya ba da shawarar a koya wa yaro karatu da littafi mai daɗi mai hotuna, ya ambaci tatsuniyoyin Aesop. A 1744 wani mai buga littattafai a Landan, John Newbery, ya fitar da ɗan littafin aljihu na yara, ana sayar da shi tare da ƙwallo idan na namiji ne, ko matashin allura idan na mace ne. Ki dubi abin da ke cikin wannan ciniki guda: nishaɗi, tarbiyya, kasuwa, da rabon aiki tsakanin namiji da mace, duk tun ranar farko. A 1762 kuma masanin falsafa Rousseau ya zo da akasin haka, ya ce a nisanta yaro da littattafai, bai yarje wa ɗalibinsa na ƙirƙira komai ba sai labarin Robinson Crusoe. Kowannensu da irin yaron da yake gani a kansa.

Misalin da na fi so ɗalibi ya zauna a kansa shi ne na 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm. Bugun farko na tatsuniyoyinsu ya fito a 1812, aikin malamai ne mai bayanai na ilimi, ba a shirya shi don yara ba. Da iyaye suka fara karanta wa 'ya'yansu suna gunaguni, Wilhelm ya shiga gyara, bugu bayan bugu har na bakwai a 1857. A bugun farko, matar da ta nemi hallaka Snow White mahaifiyarta ce ta cikinta. A bugun 1819 aka mayar da ita kishiyar uwa. A bugun farko Rapunzel tana tambayar dalilin da ya sa tufafinta suka matse ta, alamar juna biyu, wannan ma aka cire. To amma ki ga abin da bai cire ba. Azaba ta zauna daram, wani wurin ma ƙara ta aka yi, don a bugun 1819 ne aka shigo da tattabarun da suka ƙwaƙule idanun 'ya'yan matar uban Cinderella. Ke nan a wurin wannan mai gyara, ciki ba aure da muguwar uwa su ne abin ɓoye wa yaro, ƙwaƙule ido kuwa horo ne da ya dace yaro ya gani ya ji tsoro. Ɗalibin da ya jera bugu biyu gefe da gefe ya bi su jimla jimla ya riga ya shiga aikin fannin, ko da bai karanta ra'i ko ɗaya ba tukuna.

Yanzu bari in gaya miki ramin da aka fi faɗawa. Ɗalibi ya ɗauki littattafai biyar ko fim uku, ya ba da labarin kowanne a taƙaice, sannan ya jero darussan da ke ciki: gaskiya, biyayya, haƙuri, illar kwaɗayi. Ya rufe da cewa adabin yara yana faɗakarwa yana nishaɗantarwa. Irin wannan kundi ba ya ƙara wa kowa sani, domin marubucin da kansa ya ajiye darasin a fili don kowa ya gani. Nazari yana farawa ne a inda kika tambayi yadda aka yi aikin: wa ke ba da labarin, da idon wa muke kallo, me aka faɗa da baki, me aka bar wa hoto, me aka yi shiru a kansa. Jigo yana da muhimmanci, amma a wannan fanni salo da zubi da tsari su ne inda arzikin yake, kuma a nan ne za ki koyi abin da digirinki na farko bai koya miki ba, wato karanta hoto.

Ki nemi wani ɗan littafi na Pat Hutchins na 1968, Rosie's Walk. Rubutunsa gaba ɗaya jimla ɗaya ce mai kalma 32: kaza ta fita yawo, ta ratsa fili, ta zagaya tafki, ta wuce nan ta wuce can, ta dawo gida a kan lokacin cin abinci. Rubutun bai ambaci dila ba ko sau ɗaya. Amma a kowane shafi ga dila yana bin ta a baya, ya yi tsalle ya taka manjagara ta buge shi, ya sake tsalle ya faɗa tafki, har ƙudan zuma suka kore shi. Babban da ke karantawa da baki labarin yawo yake bayarwa. Yaron da ke kallon hoto labarin farauta yake gani, kuma ya san abin da kazar ba ta sani ba, abin da muryar mai karatun ma ba ta faɗa ba. Shi ya sa yaro yake ihu yana nuna shafi da yatsa. Ɗan shekara uku ke nan yana riƙe da labari biyu masu saɓani a lokaci guda, yana jin daɗin tazarar da ke tsakaninsu. Wannan dabara ce da ake koyar da ita a ajin manyan ƙagaggun labarai, ga ta nan a littafin da bai kai shafi arba'in ba. Maria Nikolajeva da Carole Scott sun rarraba ire-iren wannan dangantaka ta kalma da hoto a littafinsu na 2001, daga inda hoto ke maimaita rubutu zuwa inda yake ƙaryata shi.

Haka littafin Maurice Sendak na 1963 game da yaron da aka kora ɗaki ba abincin dare ya tafi ƙasar dodanni. Ki auna girman hotunan da abin awo. Na farko ƙarami ne, farin fili ya kewaye shi. Yayin da fushin yaron da tunaninsa ke girma, hoton yana cin farin filin, ya cika shafi, ya tsallaka shafi na biyu, har a kai tsakiya inda buɗi uku a jere hoto ne zalla babu kalma ko ɗaya. Da ya huce ya juyo gida sai hoton ya fara ja da baya, shafin ƙarshe kuma rubutu ne kaɗai. Girman hoton shi ne ke ba da labarin zuciyar yaron. Wanda ya tsaya ga darasi zai wuce wannan duka bai gani ba, kuma abin yana ba ni takaici, don a nan gwanintar take.

Sai katun. Abu na farko da za ki cire daga ranki shi ne cewa don yara aka ƙirƙiro shi. Émile Cohl ya yi ɗan fim ɗinsa na zane a Faransa a 1908, Winsor McCay ya nuna nasa na dabbar zamanin da mai suna Gertie a 1914 a dandalin wasannin manya. Dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya na wata Bajamushiya ne, Lotte Reiniger, a 1926, da yankakkun takardu masu kama da inuwa ta yi shi, labarin kuma daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko. Gajerun katun na Amurka na shekarun 1930 da 1940 a gidan silima ake nuna su kafin babban fim, ga duk wanda ya sayi tikiti, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Disney da Warner sun yi wa sojoji fina-finan horo da na farfaganda. Talabijin ce ta tura katun ɗakin yara, a shekarun 1950, da tashoshi suka sayi tsofaffin gajerun fina-finai don cike lokacin da yara ke gida. A Japan ma katangar da ke ware katun ga yara ba ta taɓa tsayawa sosai ba. Fim ɗin Isao Takahata na 1988 game da marayu biyu da yunwa ta kashe a ƙarshen yaƙi zane ne, kuma babba ma da ƙyar yake iya kallonsa har ƙarshe. Don haka tambayar yaushe katun ya zama na yara, a ina, don amfanin wa, ita kanta batun kundi ce.

Abin da ya bambanta katun da fim ɗin kyamara shi ne babu abin da ya shigo cikinsa bisa tsautsayi. Mai ɗaukar fim zai iya kama tsuntsun da ya gifta ba da niyya ba. A katun, in ganye ya motsa wani ne ya zauna ya motsa shi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti ɗaya. Yawancin aikin hannu ana riƙe kowane zane sau biyu, a samu zane 12 a daƙiƙa. Da Osamu Tezuka ya fara shirinsa na mako-mako a talabijin ɗin Japan a 1963, kuɗi da lokaci ba su isa ba, sai ya rage zuwa takwas ko ƙasa da haka, ana tsayar da jiki baki kaɗai ke motsi, ana jan kyamara a kan hoto tsayayye, ana maimaita zanen da aka riga aka yi. Abin da talauci ya tilasta shi ne daga baya ya zama salon da aka san katun ɗin Japan da shi. Kin ga dole mai nazari ya san yadda ake aikin da yadda ake biyan kuɗinsa, in ba haka ba zai ɗora ma'anar falsafa a kan abin da ƙarancin kasafi ya haifar, ko ya raina abin da aka yi da gangan.

Siffar tauraro ma magana ce. A 1979 masanin halittu Stephen Jay Gould ya auna zanen Mickey Mouse na tsawon shekara hamsin, ya samu idanunsa da kansa suna ta ƙara girma a kan jikinsa, yana ta komawa kamannin jariri. Halinsa ma haka ya bi. A fim ɗin 1928 ɓera ne mai ƙeta, yana wujijjiga kyanwa ta wutsiya. Da ya zama tambarin kamfani sai ya zama salihi. Gould ya danganta wannan da bayanin Konrad Lorenz cewa babban kai, manyan idanu da kumatu suna tayar da tausayi a zuciyar ɗan Adam. Daga nan ki juya tambayar: in haka ake zana wanda ake so mu ƙaunata, yaya ake zana mugu? Wane hanci, wace kalar fata, wane karin harshe ake ba shi? Yaro yana koyon wannan kafin ya iya karatu.

Inda fannonin biyu suka haɗu shi ne mayar da littafi fim. Labarin Pinocchio ya fara fitowa kashi-kashi a wata jaridar yara a Italiya a 1881, kuma Carlo Collodi ya rufe shi ne da rataye ɗan tsanan katakon a bishiya. Masu karatu da editan suka matsa, ya ci gaba, littafin ya fito cikakke a 1883. (Ga wuri guda da yara masu karatu suka sa hannu a makomar labari, abin da ra'in Rose bai ba wa wuri ba.) A littafin, gyaren da ya yi masa nasiha, Pinocchio ya jefe shi da guduma ya mutu tun farkon labari. A fim ɗin Disney na 1940 gyaren nan ne abokin tafiyarsa kuma muryar lamirinsa, yaron katakon kuma ya tashi daga mai taurin kai ya koma marar wayo da ake yaudara. Kada ki ɓata lokaci wajen yanke hukuncin wanne ya fi, ko fim ya ci amanar littafi. Linda Hutcheon ta nuna a 2006 cewa wannan ma'auni ba ya kai mutum ko'ina. Ki tambayi me Italiyar da ke fama da talauci take tsoro game da yaron da ya ƙi makaranta, me Amurkar 1940 take so ta gaskata game da tsarkin zuciyar yaro, kuma wane canji ne fim ya yi don kawai ido ba ya jure abin da kunne ke jurewa.

Akwai kuma masu bin sawun kuɗi da iko. A Amurka kamfanin Mattel ya fitar da 'yan tsanan He-Man a 1982, katun ɗinsu ya biyo baya a 1983, wato labarin ne aka yi don ya sayar da kayan wasa. Ƙorafin iyaye kan irin wannan yana cikin abin da ya kai ga dokar talabijin ta yara ta 1990, wadda ta taƙaita talla zuwa minti 12 a awa ranakun aiki, minti goma da rabi a ƙarshen mako. A Chile, Ariel Dorfman da Armand Mattelart sun yi tarken mujallun zane na Donald Duck a 1971, suka nuna yadda ake siffanta mutanen ƙasashe matalauta a matsayin wawayen da ake karɓe wa dukiya cikin raha, littafin kuma an haramta shi bayan juyin mulkin 1973. A 1965 Nancy Larrick ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka daga 1962 zuwa 1964, ta samu 349 kacal ne ke da baƙar fata a ciki. Rudine Sims Bishop ta zo a 1990 ta ce yaro yana bukatar littafin da zai zame masa madubi ya ga kansa, da wanda zai zame masa taga ya ga wasu. Wannan reshe yana jan ɗalibai sosai, kuma ya cancanta, sai dai ƙirga kawuna mafari ne kawai. Bayan kin ƙirga, ki duba wa aka ba magana, wa ke warware matsalar labarin, wa ke tsaye a gefe yana murmushi.

Abu guda nake so ki yanke shawara a kansa da wuri. Nazarin matani daban, nazarin tasiri a kan yara daban. Na farko aikin adabi ne, kayan aikinki littafi da fim da tarihinsu. Na biyu aikin masana halayyar ɗan Adam da ilimi ne, yana bukatar yara na gaske, izinin iyaye, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da sanin lissafin ƙididdiga. Kuskuren da ke rushe kundi shi ne a yi na farko a yanke hukuncin na biyu, a kalli fim a ce "wannan yana lalata tarbiyyar yara" alhali ba a zauna da yaro ko ɗaya ba. Ko masu gwajin ma a hankali suke magana. Binciken Lillard da Peterson na 2011, wanda jaridu suka yi ta yayatawa, yara 60 ne 'yan shekara huɗu, aka raba su uku, kashi ɗaya suka kalli katun mai saurin sauya hoto na minti tara, aka gwada natsuwarsu nan take aka ga ta ragu. Sakamako ne mai amfani, amma bai ce komai ba game da abin da zai faru bayan awa guda, balle bayan shekara.

Tunda daga adabi kika fito, shawarata ki tsaya a matani, ki ƙuntata batun sosai. Labari ɗaya a bugu biyu, ko littafi ɗaya da fim ɗinsa, ko shiri ɗaya da yadda aka fassara shi zuwa wani harshe, me aka sauya me aka yanke. Kafin ki rubuta takardar neman amincewa da batu, ki zaɓi minti biyu daga fim ɗin da kike so, ki kashe sauti ki kalla, ki mayar da sauti ki rufe ido ki saurara, sannan ki bi shi hoto bayan hoto kina rubuta tsawon kowane yanki, inda kyamara ta tsaya, kalar da ta rinjaya, da wanda aka sa a tsakiya. Ki yi wa littafin hoto guda irin wannan, har da bango da shafin da babu rubutu. Abin da kika samu ki kai wa malamin da zai duba aikinki tare da littafin Nodelman na 1988 kan littattafan hoto da na Paul Wells na 1998 kan zane mai motsi, ku fitar da tambayar binciken daga cikin abin da kika gani da idonki. Allah Ya ba da sa'a.